Koriyar Hular Kawu

Sigina ce ta zo wa Kawu Tankari daga Abuja: ya tattara ya koma, an canja masa wurin aiki. Soja ba ya tambayar dalili. Ni na tambaya, ya ce in rufe masa baki.

Ƙanin mahaifiyata ne, hafsan soja. An turo shi Guangzhou ta ƙasar Sin ya sa ido a kan ɗinkin kaki da takalma a wata masana'anta. Shi ya ɗauko ni daga Sakkwato da na gama sakandare, wai in koyi kasuwa. Na koya kuwa. Har na fara samun masu aikena sayen waya da caja a kasuwar Tianxiu. Gidan da muke ciki a unguwar Xiaobei da sunansa aka kama, hayar shekara, ko rabi ba mu ci ba.

Lokacin ana shirin Olamfik, 'yan sanda na bi gida-gida. Baƙon da ba shi da rajistar wurin kwana a ofishinsu ba a sabunta masa biza, in an kama shi kuma sai jirgi. Tawa rajistar a jikin hayar Kawu take. In ya fita, na faɗi.

"Kawu, ni fa?"

"Kai me? Mai gida zai mai da hayar sunanka. Ni za ka koya wa bi da mutane?"

Mai gidan, Mista Liang, gajere ne mai sanƙo, sigari ba ta barin bakinsa. Ya riga ya hasala da jin za a karya masa yarjejeniya. Matarsa ce mai sauƙin kai. Ita ke hawowa duba mita da famfo, ta tsaya tana dariyar Sinancin Kawu.

Na ce mu tafi da Maidaji, wani mutumin Maraɗi da ya daɗe a garin, ya yi mana tafinta. Kawu ya ce bai kai matsayin da yake kai da tafinta ba.

Sai ya yi yadda ake yi a gida: ba a zuwa neman alfarma hannu rabbana. Ya buɗe akwati ya zaro sabuwar hula, aikin hannu, koriya shar, wadda ya ajiye wa Sallah. Muka sauka shagon shayin ƙasan bene, inda Liang ke zama da abokansa. Matarsa na gefe tana zuba ruwan zafi.

Kawu ya ƙame, ya gaida Liang da Sinanci. "Nihau, lawban." Ya yi bayani da Turanci da hannu: soja, oda, jirgi, yaron nan zai zauna. Don ƙarin girmamawa bai miƙa hular ba. Ya ɗora masa a kai da hannunsa, ya gyara mata zama, ya ja baya yana gyaɗa kai.

Wani tsoho ya fashe da dariya har ya ƙware. Matar ta ajiye buta ta shige ciki. Liang ya fizge hular ya yar, fuska ja wur, yana ihu, yana nuna Kawu, yana nuna ƙofar da matar ta bi. Kalma ɗaya na tsinta: "Meyo!" Babu.

Da na kai wa Maidaji labari a shagonsa, sai da ya riƙe ciki.

"Koriya? A kai? Gaban matarsa? Kai 'yan Najeriya, kun kashe bawan Allah! A nan in aka ce namiji ya sa koriyar hula, matarsa na bin maza ke nan. Shi kuwa wanda ya ɗora masa..." Ya goge hawaye. "Kumandan ya yi aiki."

Ban yi dariya ba.

Kawu da ya ji, cewa ya yi, "Camfin banza. Tutar ƙasarmu ma koriya ce." Bai je ba da haƙuri ba. Wai hafsa ba ya durƙusa wa mai gidan haya. A filin jirgi ya dafa kafaɗata ya ce, "Saifullahi, ka zama namiji." Ba don ƙanin uwata ne ba, da ya ji abin da ke bakina.

Liang ya aiko in kwashe kayana. Na kama ƙafar Maidaji muka je. Maidaji ya yi ta magana, Liang na hura hayaƙi yana kallon titi. Can ya shiga ciki ya fito da hular, duk ƙura, ya jefo mini a ƙirji. Ya faɗi wani abu gajere.

Maidaji ya sosa ƙeya. "Ya ce zai bi ka ofishin 'yan sanda ya sa hannu. Amma da ƙafa, ta cikin layi, kana sanye da ita."

"Ce masa ba ni da mata."

Ya faɗa masa. Liang ya amsa.

"Ya ce za ka yi."

Na daɗe ina kallon hular. Na tuna masu jiran kayansu a Sakkwato. Na kaɗe ta na sa.

Ina gaba, Liang na baya yana kiran mutane su fito. Masu aski suka fito da almakashi a hannu. Mai sayar da lemo ta kira 'yar'uwarta. Wani ɗan tasi ya rage gudu ya danna hon. Haƙorana na cije har muƙamuƙina ya yi ciwo. A bakin gada muka haɗu da wasu Kanawa ɗauke da jakunkuna, ɗayansu ya ce, "Samari, wannan hula ta yi! Ina ka samu?" Na wuce su.

A ofis 'yar sandan ta kalle ni, ta kalli Liang, ta sunkuyar da kai kafaɗunta na rawa. Liang ya sa hannu. Ta buga hatimi.

Da muka fito ya miƙo mini hannu, yana murmushi, rana ta farko da na ga haƙoransa. Na kalli hannun. A ƙarƙashin rufinsa zan kwana yau, da gobe, da sauran shekara. Na miƙa nawa.