Juma'ar da Boniface Ya Iya Wasa

Shekara ashirin da shida Bridget ta yi tana wasan kwaikwayo a Ingila, ba a taɓa ba ta babban matsayi ba. Kullum ita ce mai kawo shayi, ko maƙwabciya mai leƙe ta taga. Da muryarta ta fara dishewa, sai ta biyo mijinta Kano, inda yake aikin jirgin ƙasa. Hausa kuwa da kunne ta koye ta, yadda ta saba hardace maganar da aka rubuta mata.

Da zaman gida ya ishe ta, ta tara malaman makaranta da akawunan Sabon Gari tana koya musu wasa a ɗakin taron wani coci. Aka sa ranar nunawa wata Asabar, tsakiyar watan Mayu na 1953.

Ranar Juma'a da hantsi ta tafi Rijiyar Lemo karɓo rigunan wasa wajen Huseina, telar da ke yi mata ɗinki. A bakin wata maƙera ta ga maza sun yi layi, kowa riƙe da adda. Ta ce a ranta ai damina ta kusa, sai dai ba ta ga fartanya ko ɗaya ba.

Ta tarar Huseina ta riga ta ƙulle kayan cikin zane. Ko tabarma ba ta shimfiɗa mata ba.

"Rigar Uchechi fa?" in ji Bridget. Uchechi ce malamar da za ta fito a matsayin amarya. "Kin ce ta zo yau ki gwada mata."

"Kada ta zo, Uwargida. Na ɗinka ta da ido."

"Lafiya?"

"Lafiya lau," Huseina ta ce, idonta a kan keken ɗinki.

Bridget ta ɗauki ƙunshin. "Malama Huseina, na daɗe ina faɗin maganar da ba tawa ba a gaban mutane. Ina gane mai yin haka."

Huseina ta rage murya. "Ƙanen mijina ya kai addarsa maƙera, shi da bai taɓa noma ba. Ki ce da ita ta zauna a gida gobe."

Da la'asar Bridget ta isa ɗakin taron. Rabin 'yan wasan ba su zo ba, Uchechi ma haka. Aka fara da wurin da Boniface, wani akawun kanti, zai ji ana buga ƙofa ya tsorata. Wata biyu tana fama da shi a nan, kullum sai ya zare ido yana karkarwar ƙarya har a yi dariya.

Yau da aka buga katakon da ke matsayin ƙofar, bai motsa ba. Ya juya a hankali ya kalli ƙofar ɗakin ta gaske, leɓensa a bushe, ya faɗi maganarsa da ƙyar. Bridget ba ta taɓa ganin ɗan wasan da ya nuna tsoro haka ba, ko a London. Ba wanda ya tafa.

"Me ka ji, Boniface?" ta tambaye shi.

"An ce gobe mutanen Fagge za su shigo, Madam. Namu ma sun shirya."

Ta sallami kowa, ta bi ta gidan Uchechi ta isar da saƙon Huseina. Uchechi ta karɓi rigar ba ta ko warware ta ba, ta sa sakata.

Washegari aka fara faɗa tsakanin Fagge da Sabon Gari, ya ɗauki kwanaki. Uchechi ta tsira, ta hau jirgi zuwa kudu. Boniface kuwa Bridget ta nemi labarinsa a asibiti da ofishin 'yan sanda, ba wanda ya ce ya gan shi. Bayan mako biyu ta koma Rijiyar Lemo. Wata tsohuwa ce ta fito, ta ce Huseina ba ta nan, ba ta kuma ce yaushe za ta dawo ba.