Ƙyandar Da Hajja Ta Ɓoye

Jama'ata na cikin waya, ina yininku? Har masu karantawa su wuce ba ko gaisuwa, ina ganinku. Ku matso, yau labarin Bashira 'yar Kafin Hausa na kawo muku.

Bashira dama ba ta iya zama wuri ɗaya ba, to ranar nan a bencin wani asibiti a Haɗeja abin ya ƙaru. Ta tashi, ta zauna, ta gyara mayafi, ta leƙa taga. A gefenta ga Adila, 'yar yayarta Umma, shekara takwas. Yarinyar da ta fi kowa kai a ajinsu, yau wata uku ke nan kofi na suɓuce mata, rubutunta ya koma kamar tonon kaza, jim kaɗan sai kafaɗa ta zabura, kai ya langaɓe. Malaminta ya ce lalaci ne. Maƙwabta suka ce mutanen ruwa ne.

Aka kira su, suka shiga da Adila: Umma, Bashira, da mahaifiyarsu Hajja. Likita ya daɗe yana kallon zaburar nan, sannan ya ce, "Ta taɓa yin ƙyanda tana ƙarama?"

"Ko sau ɗaya," in ji Umma.

Hajja ta ce, "Kai ɗan nan, bar kama sunan abin nan gatsal. Jikata ba ta taɓa ba."

Bashira kuwa ta san gaskiyar. Domin shekarar da ruwa ya ci hanya, Umma na kwance an yi mata aiki, aka bar Adila tana wata goma a hannun Hajja. Ranar rigakafi ta zo ta wuce, ba hanyar fita. Sai baƙon dauro ya sauka. Hajja ta kulle ɗaki, ba wanka, ba asibiti, wai allura mayar da ƙuraje ciki take yi. Yarinya kuwa ta warke sumul. Hajja ta damƙe hannun Bashira ta ce kada Umma ta ji, kada mijin Umma ya ji ya ce ba su iya riƙo ba. Bashira ta ɗauki alkawari.

Likita ya ɗauki biro. "To in ba ta yi ba, sai mu fara nema ta wani wajen. Zai ɗau lokaci."

Adila ta sake zabura, takalminta ya faɗi. Ta zuba masa ido, ta kasa ɗauka.

"Ta yi," in ji Bashira.

"Ke! Rufe min baki!"

"Hajja, shekara bakwai bakin nan yana rufe, har ya fara tsami. Likita, ta yi, a gabana. Kwana tara."

Umma ba ta yi ihu ba. Kallon uwarta kawai ta yi, ni da a yi min wannan kallon gara a mare ni.

Likita ya ce jefi-jefi ƙwayar ƙyanda kan laɓe a ƙwaƙwalwar yaro shekaru, sannan ta tashi. Ba zai yanke hukunci ba sai an yi gwaji a Kano, kuma in ita ce, maganinta da wuya. Ya rubuta takarda, ya ce, "Akwai ƙanana a gida? An yi musu allura?"

Akwai kuwa. Khalid ɗan autan Umma, wata goma sha ɗaya, ba a kai shi ba tukuna.

Washegari aka kai Khalid rigakafi, Bashira ce ta goya shi, sauri take kamar ana bin ta. Kwana ɗaya bayan nan aka wuce Kano da Adila. Hajja kuwa yau kwana goma sha biyu ba ta amsa gaisuwar Bashira, ko fura ta kawo sai ta kau da kai. Bashira na ta zarya tsakanin ƙofar ɗakin Hajja da waya, tana jiran kiran Umma.

To, masu bakin sharhi, ga ku ga fili. Da kai ne ko ke ce a ɗakin nan, uwarka na harararka, likita ya ɗora biro a takarda, me za ka yi?