Gurasar da ke Aljihun Lyle Gantt

A makarantar tauhidi ta Kiristoci 'yan ɗariƙar Metodis, wadda ke maƙale a gefen jami'a tsakanin sashen lauyoyi da asibitin koyarwa, al'ada ce duk ɗalibin shekarar ƙarshe sai ya hau mumbari wata Alhamis da hantsi ya yi wa malamansa da 'yan ajinsa wa'azi. Ba a ba da maki a kai, amma kowa ya san a nan ake auna mutum. Wakilin bishop, shugaban fastocin yankin, shi ma yakan zo ya zauna a gaba, kuma shi ke kai labarin wanda ya dace da babban coci a birni da wanda za a bari a karkara.

Hollis Pruitt birni yake so, bai kuma taɓa ɓoyewa ba. Shekara uku ke nan yana raba ƙafa: Litinin zuwa Alhamis yana aji yana fama da Helenanci, harshen asalin Sabon Alkawari, ƙarshen mako ya tuƙa mota awa uku zuwa Harlow Creek, inda yake riƙe da wani ɗan coci mai mutum talatin da ɗaya, in an haɗa da mai kiɗan piyano. Mutanen nan suna sonsa tsakani da Allah. Sun yi ta ɗura masa soyayyar kaza da wainar masara har wandunansa suka daina shigarsa.

Wa'azin ne ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Sau biyu yana kai wa Farfesa Elkins, mai koyar da wa'azi, tana dawo masa da abinsa.

"Hollis, wannan ai littafi ka haɗo mini," in ji ta, tana kaɗa takardun. "Malaman Jamus huɗu ka ambata, duk sun mutu. Kai ba ka san wani mai rai ba ne?"

Ya san wani mai rai, kuma da ma bai sani ba.

Wata Asabar 'yan watannin baya, Lyle Gantt, dattijon manomin gyaɗa da ke yanke ciyawar maƙabartar coci kyauta, ya ɗauke shi a motarsa wai su je duba shinge. A bakin gona ya kashe mota, ya daɗe yana kallon sitiyari, sannan ya faɗi abin da bai taɓa gaya wa kowa ba. Shekara goma sha tara da suka wuce tarakta ta kife da ɗansa Dale, taraktar da Lyle ya san birkinta ya lalace amma kullum yana cewa gobe zai gyara. Tun daga lokacin, duk Lahadin farkon wata in ana Jibin Ubangiji, wato rabon gurasa mai tsarki a coci, yakan bi layi kamar kowa, ya karɓi gurasa, ya kai hannu baki, amma ba ya ci. A aljihun kwat yake zura ta, in ya koma gida ya watsa wa kaji.

"Ba na so in ci da ƙarya, Fasto," ya ce. "Ranar da zuciyata ta yarda an yafe mini, zan ci. Matata Verna ba ta sani ba, kada ka bari ta ji."

Hollis ya dafa kafaɗarsa ya ce maganar ta mutu a nan cikin motar.

Ba ta mutu ba. Ta zama shafi na huɗu na wa'azinsa. Ya cire suna, ya mai da gyaɗa auduga, ya gaya wa kansa ya rufa asiri. Taraktar da kajin kuwa ya bar su, don su ne gishirin labarin. Da Farfesa Elkins ta karanta sai ta cire tabarau ta ajiye.

"Yanzu ka yi wa'azi. Ka nemi izinin mutumin?"

"Na nema," in ji Hollis, bai ko haɗiyi yawu ba.

Ranar Alhamis ɗin, ana tsakiyar waƙar buɗewa, ya ɗaga kai daga kujerar mai wa'azi ya hango su. Mutum goma sha ɗaya daga Harlow Creek, sun cika benci biyu, sun ci ado da kayan Lahadi. Shi da bakinsa ya faɗa musu ranar, don dai su san fastonsu ba ƙaramin mutum ba ne, bai taɓa kawo wa ransa za su taso da asuba a motar coci ba. Mis Verna ta ɗaga masa hannu tana murmushi. Kusa da ita Lyle ne, sanye da kwat ɗinsa mai ruwan toka.

Waƙar baiti huɗu ce, kuma Metodis ba sa tsallake baiti. Saboda haka kada wani ya ce Hollis bai samu lokacin tunani ba. Ya samu. Ya san zai iya juya shafi na huɗu ya wuce, ya kuma san in ya yi haka abin da zai rage masa matattun Jamusawa ne. Ya dubi wakilin bishop, ya ga har ya cire murfin alƙalami.

Ya karanta shafin, daga farko har ƙarshe, kuma muryarsa ba ta taɓa yin daɗi irin na ranar ba. Ɗalibai suka yi tsit, wata a layin gaba tana share hawaye. A benci biyun nan na mutanen Harlow Creek ma an yi tsit, amma wani iri daban. Da ya ambaci tarakta, Wilma Tate mai piyano ta juya ta dubi Lyle, ta yi maza ta mai da kanta. Da ya zo kan kaji, Mis Verna ta sunkuyar da kai tana kallon jakarta, ba ta sake ɗagowa ba.

Abin da Hollis ya manta shi ne, a wannan makaranta mai wa'azin ranar shi ke raba gurasa. Ya tsaya gaban bagade, teburin ibada, da faranti, layi yana matsowa. Ya yi fatan Lyle ya zauna a wurinsa. Lyle ya taso. Ya zo ya miƙa tafinsa mai kanta, mutanen garinsu goma suna bayansa, babu wanda idonsa ba ya kan hannun.

"Jikin Almasihu, wanda aka bayar dominka," Hollis ya faɗa.

Lyle bai dube shi ba. Ya kai gurasar baki, ya buɗe hannu yadda kowa zai ga babu komai a ciki, ya tauna, ya daɗe yana taunawa, ya haɗiye.

Bayan an tashi aka yi wa Hollis caa a bakin ƙofa. Wani ɗan ajinsu ya dake shi a baya.

"Kai, mutumina, ka kashe mu! Wa zai iya hawa mumbarin nan mako mai zuwa?"

Wakilin bishop ya riƙe hannunsa da hannu biyu ya ce za su yi magana. Hollis yana ta cewa na gode, na gode, kunya kuwa ta rufe shi. Ya zame ya nufi wurin ajiye motoci.

Duk sun shiga mota, ban da Mis Verna. Tana tsaye da kwano a rufe da tsumma, a ciki akwai irin gasasshiyar wainar tuffa da ta san yana so. Ta miƙa masa.

"Jiya na yi maka. Kwanon nawa ne, ka dawo mini da shi."

"Mis Verna, wallahi ban yi nufin ki ji ta haka ba."

"In ji me?" Ta dube shi ido cikin ido. "Ni nake goge kwat ɗin nan, Fasto. Tun watan farko nake kakkaɓe burbushin gurasa daga aljihunsa. Shekara goma sha tara na riƙe bakina, ni da ban je makarantar tauhidi ba."

Ta shiga mota. Hollis ya zagaya wajen direba, inda Lyle ke zaune ya sauke gilashi.

"Mista Lyle, ka yafe mini."

Lyle ya zuba wa sitiyari ido, kamar ranar a bakin gona. Babu fushi a fuskarsa, kuma da fushin ne da Hollis ya fi samun sauƙi.

"Lomar nan na daɗe ina ajiyarta," ya ce a hankali. "Na ɗauka ranar da zan ci, daga ni sai Shi za mu sani. Yau na ci ta don Wilma Tate tana kallon hannuna." Ya murɗa makulli. "Lahadin nan ita ce ta farkon wata. Kai ne mai karatu, sai ka gaya mini abin da zan yi da hannuna."

Motar ta ja ta fita ta ƙofar jami'a. Hollis ya tsaya da kwano a hannu, ɗalibai suna wucewa suna yi masa barka, shi kuwa yana ƙirga kwana ukun da suka rage kafin ya sake tsayawa gaban Lyle Gantt da farantin gurasa.