Hotuna Arba'in da Ɗaya

A hoto na goma sha bakwai ne Verna Kaneshiro ta ajiye kofin shayinta. Tun ƙarfe bakwai take zaune a teburin kicin tana jera hotunan da ofishin ƙungiyar masu gidaje ya aiko mata, domin da la'asar kwamitin doka zai zauna, ita ce kuma sakatariyarsa. Hotuna arba'in da ɗaya, duk na abu guda: farar motar Perlita Cabudol, maƙwabciyarsu ta tsallaken titi, a ajiye kan simintin gaban gareji. Kowane hoto da kwanan wata a ƙasansa. Mai ƙarar ya nemi a sakaya sunansa.

Tun da ta buɗe ambulan take zagin mutumin a ranta. Wane marar aikin yi ne zai shafe kwana arba'in da ɗaya yana leƙen gidan mutane? Ta zargi wannan, ta zargi wancan, har ta gama yanke wa matar gida mai lamba tara hukunci. Sai ga hoto na sha bakwai. A kusurwarsa ta hagu akwai wani ɗan jan layi a karkace, dishi-dishi. Ta sa tabarau. Ɗinki ne, jan zare a jikin ragar sauro. Ita ta ɗinke shi da hannunta bara, a tagar ɗakin ɗinkinta na sama, ranar da baƙin zare ya ƙare mata.

Ana zaton wuta a maƙera, sai ta tashi a masaƙa. Su biyu ne kaɗai a gidan, ita da mijinta Milton, ita kuwa ta san ba ta ɗauki hoton kowa ba.

Babu wanda bai san dalilin da ya sa motar take waje ba a duk layin. Tata Doro, mahaifin Perlita, shekararsa tamanin da shida, kuma tun da ɓarin jikinsa ya shanye ba ya iya hawa bene, ga shi ɗakunan kwana duk a sama suke. Sai Perlita ta share garejin, ta shimfiɗa leda, ta sa gadon asibiti da fanka da tukunyar iskar numfashi. Da rana takan ɗaga ƙofar ya ga titi da masu wucewa. Motar kuwa mai ɗaukar keken guragu ce, ita ke kai shi wankin ƙoda sau uku a mako. An hana ajiye mota a titin unguwa, sai can bayan babbar ƙofar shiga unguwar, tafiyar minti ashirin, Tata kuma ba a barin sa ko na minti biyar saboda yakan ƙware da yawunsa. Yayan Perlita da ke Las Vegas, mai rabin gidan, ya daɗe yana matsa mata a kai tsohon gidan kula da tsofaffi. Ya ce duk ranar da wasiƙar hukunci ta zo daga ƙungiya, magana ta ƙare.

Da tsakar rana Milton ya dawo daga yawon motsa jiki, ya buɗe firji ya ciro kwanon pansit, taliyar da Perlita ta kawo musu ran Lahadi. Ya ɗumama, ya zauna. Verna ta bari sai da ya kai loma ta farko baki, sannan ta ajiye hoton a gefen farantinsa ta ɗora yatsa kan jan zaren.

Ta yi tsammanin zai musa, ko ya yi borin kunya. Ko gezau. Ya dubi hoton, ya tauna, ya haɗiye. Abin da ya fi ɓata mata rai ke nan.

"Doka doka ce," in ji shi. "Ba ke kika faɗa ba?"

"Taliyar yarinyar nan kake ci, Milton."

"To? Taliya daban, doka daban. Ranar da aka ja jirgina aka fita da shi, wa ya tuna kifin da na raba wa layin nan kaf?"

Ashe jirgin ne. Sashe na bakwai na kundin ƙungiya ya ce ba a ajiye abin hawa a gaban gareji sai na ɗan lokaci, kuma shekara da shekaru babu wanda ya san iyakar ɗan lokacin. Shekara huɗu da suka wuce, tana sabuwar sakatariya, kai na kumbura da shekara talatin ɗin da ta yi a rajistar kotu, Verna ta zauna ta rubuta fassara: ɗan lokaci shi ne abin da bai wuce kwana biyu a jere ba. Kwamiti ya yaba, aka sa hannu. Wanda fassarar ta fara hawa kansa shi ne mijinta, da jirgin kamun kifinsa da ke kan tirela a ƙofar gida. Ba ta ɗaga masa ƙafa ba, don kada a ce ta yi son kai. Ya sayar da jirgin ga wani mutumin Waianae, bai ƙara ɗaga maganar ba, ita kuma ta ɗauka ya haƙura. Ashe na ciki na ciki.

Ta tambaye shi ko Tata Doro ne ya rubuta fassarar. Ya ce a'a, shi ba ruwansa da tsohon, yana ma son sa. So yake ya ga ko alƙalamin nata mijinta kawai yake ci. Ya ƙara da cewa ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi, ya jawo kwanon ya juye sauran taliyar a faranti. Verna ta tashi ta bar masa kicin ɗin.

Ƙarfe huɗu suka zauna a ƙaramin ɗakin taro na gefen wurin ninƙaya, mai warin sinadarin wanke ruwa. Su uku ne a kwamitin: ita, da shugaba Darrell Hoskins, tsohon sojan ruwa mai yawo da tef ɗin awo a aljihu, da Noelani Akau, wadda abin da shugaba ya ce shi take cewa don a tashi da wuri. Perlita ba ta zo ba, babu mai zama da Tata. Wasiƙa ta aiko, shafi ɗaya, tana ba da haƙuri kamar wadda ta yi sata.

Verna ta yi iya yinta. Ta ce an kafa dokar ne don kada unguwa ta koma makabartar tsofaffin motoci, ba don a kori majinyaci daga gidansa ba. Ta ce motar asibiti ce a zahiri. Hoskins ya saurare ta har ta gama, sannan ya buɗe fayil ya karanto mata fassararta, kalma bayan kalma, har da inda ta rubuta cewa doka ba ta san fuskar kowa ba. Ya ce bai taɓa ganin rubutu mai tsabta irin wannan ba. Ya ce Perlita tana iya neman sassauci na masu lalura, lauyan ƙungiya zai duba, wata biyu ko uku, amma kafin nan wasiƙa za ta fita.

Sai ya gyara zama, ya sassauta murya, irin ta mai neman alheri.

"Ni ma ina da uba, Verna. Ga shawara. In likitansa zai rubuto mana kamar yaushe abin zai zo ƙarshe, sai mu ba ta dama zuwa wannan ranar. Kin ga ya zama ɗan lokaci ke nan, mai iyaka."

Noelani ta ce lallai wannan dabara ce. Har ta fara neman biro.

Tir. Verna ta dubi su biyun, mutane masu jikoki, masu zuwa coci, suna neman a sa wa mutuwar tsoho kwanan wata don fayil ya cika. Ƙyama ta cika ta, kuma ba su kaɗai take ƙyama ba, domin takardar da ke hannun Hoskins sa hannunta ne a ƙasa. Aka jefa ƙuri'a, biyu da ɗaya. Kwana goma, ko motar ta shiga gareji ko wasiƙa ta fita.

Tana tattara takardu ta tambayi Hoskins ko kundin ya ce dole sai garejin mai motar. Ya duba, ya sake dubawa, ya ce a'a, gareji dai kawai aka ce. Ta sa aka rubuta hakan a bayanin taro, ya sa hannu.

Garejinsu na mota biyu ne, tata da a-kori-kurar Milton. Da ta koma gida ta same shi a ciki yana goge gilashi. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce masa daga yau motar Perlita nan za ta riƙa kwana, a-kori-kurarsa kuma ta koma bayan babbar ƙofa, ai shi mai son motsa jiki ne. Ya yi dariya, ya ce ta fitar da tata in tausayin ya dame ta.

"To, zan tsallaka yanzu da hoton nan," in ji ta. "Zan nuna wa Perlita, in nuna wa Tata. Gobe kuma duk layin nan ya san wanda ke laɓewa bayan labule."

Dariyar ta tsaya. Shekara talatin da takwas suna tare, ba ta taɓa yi masa barazana ba, kuma ta ji ɗacin abin a bakinta. Mutumin da bai ji kunyar aikatawa ba, sai ga shi yana tsoron a sani. Ya jefar da tsumman, ya ɗauki makulli ya ja motar ya fita.

Kafin rana ta faɗi ya dawo a ƙasa, rigarsa sharkaf da gumi, daidai lokacin da Perlita take shigar da farar motar garejinsu. Ta fito da gudu ta rungume shi tana kuka.

"Kawu Milton, Anti ta gaya min motarka ka fitar saboda mu. Ban san me zan ce ba. Wani ya kai mu ƙara, wani kuma ya ba mu garejinsa."

Verna ta zuba masa ido, tana jira ya sunkuyar da kai ko sau ɗaya. Ina! Sai ya dafa kafaɗar yarinyar, ya ce haba, wannan ai ba komai ba ne, maƙwabcinka ɗan'uwanka ne, duk wanda ya aikata wancan abu kuma a bar shi da Allah. Perlita ta ja hannunsa suka tsallaka, wai Tata yana so ya yi godiya da kansa. Daga ƙofarta Verna tana hango tsohon ya kama hannun mijinta da hannunsa mai lafiya ya ƙi saki, Milton kuwa ya duƙa a bakin gadon yana gyaɗa kai. Ya fi rabin sa'a a can.

Da ya dawo idanunsa sun yi ja, da gaske ya yi kuka. Ya tsaya a bakin garejin yana share hanci, ya ce mutanen kirki ne, tsohon nan ya taɓa masa zuciya.  Verna ta ɗan ji wani abu ya fara saki a ƙirjinta, ta ce a ranta wataƙila ya yi nadama.

Milton ya zagaya motar Perlita a hankali. Ya tsaya ta gaba, ya durƙusa da kyar ya leƙa ƙarƙashinta, ya dangwali siminti da yatsa ya duba a haske.

"Verna," in ji shi, "kundin nan naku, akwai abin da ya ce kan motar da ke ɗigar da mai?"