Tsagar Kaka Fatsuma

A gidanmu na Isa, Kaka Fatsuma ce kaɗai ta rage mai tsagar Gobirawa a fuska, shida a kunci ɗaya, bakwai a ɗayan, sun taso daga gefen baki sun baje har kusa da kunne. Daga kan 'ya'yanta aka daina yi, mu jikoki kuwa fuskokinmu sumul suke. Kaka ba ta taɓa yi mana gori ba, amma kowa ya san yadda take ji da tsagar nan, don ko kwalli za ta sa sai ta fara shafa mata mai.

Ranar sunan ɗan yayana Dalhatu aka yi ɓarnar. Dalhatu ya sayi sabuwar waya, irin mai gyara fuska da kanta, ya ɗauki Kaka tana riƙe da jariri, ya miƙa mata yana washe baki. Ta kai wayar kusa da ido, ta nisanta ta, ta sake matso da ita.

"Wagga wace ta?" in ji ta.

"Ke ta mana, Kaka," Dalhatu ya ce. "Kin ga yadda kinka koma yarinya?"

"Ina tsagata?"

Wayar ta goge ta tas. Kunci ya yi santsi, ya yi haske, ko layi ɗaya bai rage ba. Matan da ke wurin suka yi ta dariya, ita kuwa ko murmushi ba ta yi ba. Ta mayar masa da wayarsa, ta ce daga yau kada wanda ya ƙara ɗaukarta hoto. Dalhatu ya yi ta bayani cewa ana iya kashe abin da ke gogewar, ta ce ya je ya kashe, ita dai ta gama. Tun daga ranar, da ta ga an ɗaga waya sai ta ja mayafi ta rufe fuska.

Ni Naja'atu abin ya tsaya mini a rai fiye da kowa. Daminar da ta wuce Kaka ta yi jinyar da muka ɗauka ba za ta tashi ba, kuma hoton da muke da shi nata ke nan, na wata mata mai santsin kunci da ba mu sani ba. Ban so wata rana in ce wa 'ya'yana kakata tana da tsaga, su tambaye ni yaya take, in tsaya ina zane a ƙasa da tsinke. Dama lalle nake yi wa amare, ina ɗaukar hannuwansu da waya, kuma na daɗe ina sha'awar kyamara ta gaske. Sai na sayar da tunkiyata, na shiga shafukan talla na intanet neman ta hannu.

Wanda bai taɓa neman kaya a shafukan nan ba bai san yawan maƙaryatan ƙasar nan ba. Wani ya ce yana Kano, in turo kuɗin mota kawai, kaya na hanya. Wani ya ce shi soja ne, an yi masa canjin wurin aiki, shi ya sa zai karyar. Kyamara ɗaya, a kan tebur ɗaya, da labule ɗaya a bayanta, na gan ta a hannun mutum uku a garuruwa uku. Sabis ɗinmu kuma ka san halinsa, sai na hau kan buhunan gero a bayan ɗaki kafin hoto ya buɗe. Dalhatu ya samu abin yi, duk wucewar da zai yi sai ya ce, "Allah ya ji ƙan tunkiya."

Da na gaji sai na fito da dabarata. Duk wanda ya ce yana da kyamara, sai in ce ya ajiye albasa guda a gefenta ya ɗauko mini hoto. Mai kaya a hannu ba ya rasa albasa, wanda ya sato hoto kuwa sai dai ya zage ni ko ya ɓace. Sun zage ni sosai, kuma ban ji komai ba.

Ana nan sai na ga wata talla gajera, ba kwalliya: kyamara ta hannu, da gilashinta biyu, da batir da caja, a Sabon Birni, a zo a gani da ido. Na rubuta cewa daga Isa nake, na aika da zancen albasa. Bayan azahar sai ga hoto, kyamara baƙa, gefenta ya ɗan koɗe, da albasa zaune a kan murfinta. A ƙasa kuma saƙon murya ne na wani dattijo yana dariya har da tari.

"Albasa? Lalle Bagobira ta! Ku taho ku gani, in kun iya hanya."

Ran kasuwa Dalhatu ya ɗauke ni a babur da hantsi, lokacin da hanya ke cike da mutane, yana mita har muka isa. Shagon ƙarami ne a bayan 'yan tireda, da tsohon labule mai zanen jirgin sama a bango. Mai shagon sunansa Baba Lasisi, Bayarabe, ya zo Sabon Birni tun yana saurayi, Hausa a bakinsa kamar a nan aka yanke masa cibi. Idonsa ya fara gajiya, 'ya'yansa sun matsa ya koma Ogbomosho, 'yarsa Radiyya ce ta sa masa tallar. Bayarabe da Bagobiri kuwa abokan wasa ne tun kaka da kakanni, duk inda suka haɗu sai sun tsokani juna, kowa na cewa ɗayan bawansa ne, kuma ba a fushi.

Bai bar ni na taɓa jaka ba sai da ya sa na duba komai da hannuna. Ya ba ni tocila in haska cikin gilashin ko akwai fumfuna, ya sa na cire batir na mayar, na ɗauki Dalhatu yana hamma, na ɗauki mai rake a tsallaken titi. Hoton ya fito har ana ganin ƙudan da ke kan raken. Muka daidaita, na biya, sannan ya kalle ni ta saman tabarau.

"To ɗiyata, wai ke Bagobira ta, ina tsagarki? Ko aro kunka yi kunka mayas?"

Na ba shi labarin Kaka, na nuna masa hoton ranar suna. Ya fara dariya, sai kuma ya daina, ya daɗe yana kallon wayar.

"Tsohhi nawa na ɗauka cikin shagon ga masu irin ta," ya ce, "duk sun tahi." Ya miƙo mini wayar. "Kyamara ba ta sa tsohuwa ta buɗe huska. Wanga aikin Bayarabe na. Za ni taho Isa kahin in tashi."

Kafin mu fito ya gaya mini abu ɗaya, ya ce in riƙe shi da kyau: kada in sa Kaka ta fuskanci rana. Haske in ya bugi fuska gaba da gaba, tsaga ɓacewa take yi, sai ya zo ta gefe yake kwanciya a cikin kowane layi. Na koma gida na yi ta gwadawa a kan abin da na samu, bangon ɗaki, sassaƙen turmi, tafin hannun mahaifiyata. Kaka tana kallona daga nesa, mayafi a shirye.

Ya cika alkawari. Wata ranar da la'asar sai ga sallamarsa a zaure, da yake dattijo ne aka yi masa iso har tsakar gida. Kaka na zaune a ƙofar ɗakinta tana tsince wake a faifai, rana ta karkata tana shigowa ta gefen rumbu. Da ta ga baƙo da ni a bayansa da kyamara a wuya, sai ta ja mayafi har hanci.

"Sannu da hutawa, 'yar'uwa," in ji Baba Lasisi, ya zauna a kan turmi ba tare da an ce ya zauna ba. "Na zo in kai ki gida."

"Wane gida? Wa kake?"

"Lasisi na, daga Ogbomosho. Na ga hotonki wurin jikarki, kunci sumul, na ce wagga tamu ta, ɓata ta yi cikin Gobirawa. Tashi mu tahi, akwai sakwarar da za ki daka mani."

Faifan ya tsaya cak a hannunta.

"Bayarabe na?" ta tambaye ni. Na ce e. "Wa yab bar bawana ya zauna bisa turmina?"

Daga nan aka buɗe fage. Ta ce barkono ya cinye masa ido shi ya sa yake ganin kowa danginsa, ya ce ai Bagobiri ko gaisuwa zai yi sai ka ɗauka faɗa ne. Matan gida suka fito daga ɗakuna suna riƙe ciki. Rabon da in ji muryar Kaka da ƙarfi haka tun kafin jinyarta. Shi kuwa duk inda aka zaga sai ya dawo kan magana ɗaya, cewa wanda ya rufe fuska bai da abin nunawa.

Kaka ta ajiye faifai, ta fizge mayafin ta jefar a tabarma, ta ɗaga haɓa ta juya masa kunci.

"Buɗe idonka ka ƙidaya!"

Hasken ya kwanta a cikin layukan ɗaya bayan ɗaya, amma ban ɗaga kyamarar ba, don ba ta ba ni izini ba. Baba Lasisi ya matso, ya ƙanƙance ido, ya girgiza kai.

"Idona ya mutu, ba ni ganin komi. Ko na gani ma, wa za shi yarda da ni can gida? Cewa za su yi tsoronki na ji."

"Naja!" Kaka ta daka mini kira ba tare da ta juyo ba. "Mi kike jira da baƙin abin ga naki? Ɗauki, ya kai masu su gani, shi da danginshi duka."

Na durƙusa a gefenta, na riƙe numfashi, na danna. Ta juya ɗaya kuncin da kanta, na sake dannawa. Wallahi a lokacin nan ji na yi babu wanda ya kai ni a duk faɗin Isa. Dalhatu ya leƙo allon kyamarar ta saman kafaɗata. Baba Lasisi ya sha furar da Kaka ta sa aka dama masa, tana cewa sadaka ce ga bawa, ya kama hanya tun da sauran rana.

A Sakkwato aka wanke hoton, babba, wani direban bas ya kawo mini shi a cikin kwali. Da safe na same ta a ɗaki na miƙa mata, na tsaya ina jiran ta ƙirga layukan ta ce sun cika. Ba ta ƙirga ba. Ta riƙe shi da hannu biyu, ta matsa bakin ƙofa wurin haske, ta yi ta kallonsa har na fara tsoron ko na yi wani kuskure.

"Innata ta," ta ce a hankali.

"Ke ta, Kaka."

"Na san ni ta, ba ruɗewa ni yi ba." Ta goge ido da bayan hannu. "Mutum ba ya ganin kainai ta gehe, ko da madubi. Ita kuwa kullum ta gehe nike ganinta, tana kaɗi bakin ƙohwa, ni ina zaune ƙasa. Ina amarya tar rasu. Muryarta na nan cikin kunnena har yau, amma huskarta ta daɗe da ɓace mani, na yi ta nema ban samu ba. Ban taɓa hwaɗa ma kowa ba, kunya nike ji."

Na zauna a ƙasa kusa da ƙafarta. Ta ƙara kallon hoton, ta gyara ɗaurin ɗankwalinta, ta dafa kafaɗata ta miƙe. Ta fita tsakar gida riƙe da shi a ƙirji, fuskar hoton tana kallon waje, ta ɗaga murya yadda har maƙwabta sai da suka ji.

"Ina mutanen gidan ga? Ku hito duka, manya da yara, ku gaida Innata."