Mai Karatun Da Ba Ya Gajiya

Tun da laburaren kwalejin ya waye, aka kwashe littattafan takarda aka kai sito, aka jera kwamfutoci a gurbinsu. Auta, ɗaliba a kwalejin, ba ta da faɗa da wayewa. Ita dai babi na bakwai take nema a littafin ilimin magunguna, ga jarabawa ta ƙarato, malamin kuma ya rantse daga nan zai yi tambaya.

Duk sanda ta danna littafin, sai kwamfuta ta ce wani na karantawa, ta jira.

Ta je wurin matar da ke zaune a kantar laburaren. "Anti, wai wane mai ƙwazo ne wannan? Tun farkon zango bai ajiye ba, ko fitsari ba ya zuwa?"

"Na mutum ɗaya muka saya, 'yar nan. Sai ya rufe ki buɗe."

"Littafin da ba shi da jiki ma sai an yi masa layi?"

Anti ta yi nuni da haɓa. Kusa da ƙofar shiga akwai wata ƙatuwar talabijin, tana nuna shafin farko na littafin, da hoton ƙwayoyi masu sheƙi.

"Ga mai karatun naki. Darakta ya ce a bar shi a buɗe don baƙi. Rimot ɗin na cikin durowarsa."

Washegari kuwa sai ga baƙi, masu ba da tallafi. Darakta ya sha kwat, yana ta zuba Turanci a kan ilimi ba shinge. Mai hoto ya ce zai fi kyau a samu ɗaliba a gaban talabijin. Kafin ya rufe baki, Auta ta jawo kujera.

Darakta ya miƙa mata rimot, ya rage murya. "Ki yi kamar kina karatu."

Ta danna, ta danna, har babi na bakwai. Aka yi hotuna, aka tafa.

"To, ya isa, 'yata."

"Yallaɓai, ban gama yin kamar ina karatun ba."

Babbar baƙuwar ta dafa ƙirji. "Kai, ku ƙyale ta! Ai abin da muka zo gani ke nan."

Kafin ka ce kwabo, 'yan ajin Auta sun cika bayanta, kowa ya ɗaga waya yana ɗaukar shafi. Darakta ya yi ta murmushi har haƙoransa suka bushe.

"Kullum haka suke cika?" in ji baƙuwar.

"Kullum," in ji Darakta, yana kallon rimot kamar wanda aka ƙwace wa ɗa.

Auta ko waiwaye ba ta yi ba. "Wa bai ɗauki wannan ba? Zan wuce gaba."