Kwalba Ta Biyu

Abdul-Razak, mutumin Zangon Kumasi, ya shekara biyu yana kai abinci tebur a wani otal a ƙasar waje, kusa da titin bakin teku da ake kira Corniche. Yana zuba wa baƙi giya, amma bai taɓa kai ta bakinsa ba.

Ran nan da rana wani Bature ya zo da baƙi, ya sa aka kawo tsohuwar giyar inabi ta Faransa, kwalba biyu iri ɗaya, shekarunsu ɗaya. Ta farko ta yi musu daɗi. Da aka buɗe ta biyu, Baturen ya kurɓa ya ɓata fuska.

"Wannan ba ita ba ce. Me ka zuba mana?" Ya turo masa kofin. "Sha ka ji."

Abdul-Razak ya dubi kofin. An taɓa zargin wani abokin aikinsa da musanya kwalba, cikin kwana uku aka sa shi a jirgi aka mayar da shi ƙasarsu. In ya ƙi sha, a ce yana ɓoye wani abu. In ya sha, da wane baki zai yi la'asar?

"Yallaɓai, ba na sha," ya ce.

Wata dattijuwa cikin baƙin ta ɗauki toshiyar kwalbar ta shinshina. "Ƙyale shi, toshiyar ce ta ruɓe. Tsohuwar giya haka take, kowace kwalba da halinta."

Baturen ya ce a kawo wata. Abdul-Razak na shiga kicin sai ya zauna a ƙasa.